Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Aka Kashe Kaka a Takarda

Makon jiya na tsaya a inda na samu ɗakin haya a Goregaon, bayan dillali ya yi kwana tara yana yawo da ni a cikin Mumbai ana rufe mana ƙofa da zarar an ga fatata. Dattijon da ya buɗe tasa ƙofar ba zan kama sunansa ba, don ban nemi izininsa ba. Dama kowa Kaka yake ce masa. A yaren Marathi kaka shi ne baffa, matarsa kuma Kaku. Ranar da na gaya masa ma'anar kalmar a Hausa ya yi dariya har da tari, ya ce, "Mutanenku sun fi gane ni, beta, ɗana. Na yi shekara goma sha biyar ina tsufa a talabijin kafin in fara tsufa a gida."

Sai da na yi sati guda a gidan kafin na san ɗan wasa ne. Na je koyon tace hoto ne, da asuba nake fita, kuma babu abin da zai nuna maka sana'arsa a falon. Hoto ɗaya ne a bango, baƙi da fari, wani siririn saurayi riƙe da takobi a dandalin Shivaji Mandir da ke Dadar. Wata ranar Lahadi muka fita sayen kayan miya, sai na ga mai sayar da albasa ta haɗa hannuwa tana gaishe shi, tana yi masa faɗa wai me ya sa ya zuba ido ana zaluntar matar ɗansa a gabansa. Na yi tsuru-tsuru, don na san ba shi da ɗa namiji. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ba ta haƙuri, ya ce zai duba lamarin. Ta ƙara masa albasa biyu gyara.

Daga Nashik ya zo, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Da rana aikin gidan waya, da dare wasan daɓe. A lokacin tashar talabijin ɗaya ce tak a ƙasar, Doordarshan ta gwamnati, kuma 'yan wasan daɓe kallon raini suke yi wa akwatin. Ya ce abin da ya sauya masa tunani shi ne shekarar 1987, da Ramanand Sagar ya fara shirin Ramayan, labarin Ram, ɗaya daga cikin abubuwan bautar mabiya addinin Hindu. Duk safiyar Lahadi titi yakan zama kamar an yi shara. Mutane su yi wanka, su rataya wa talabijin furanni, su kunna turaren tsinke, sannan su zauna. Kashi 78 aka yi. Arun Govil da ya fito a matsayin Ram, duk inda ya je tsofaffi zubewa suke suna taɓa ƙafarsa. A zaɓen 1991 wadda ta fito a Sita, Dipika Chikhlia, da wanda ya fito a Ravan mugun labarin, Arvind Trivedi, duk suka shiga majalisar dokokin ƙasa a jam'iyya ɗaya.

Ni dai ina jin zancen rataya wa akwati furanni na yi a'uziyya a zuci. Amma da na tuna yadda ake tsine wa masu fitowa a mugaye a finafinanmu idan sun shiga kasuwa, sai na kama bakina.

Kaka bai taɓa yi wa Govil hassada ba. Cewa yake rawani ne aka naɗa wa mutum wanda ba ya tuɓuwa. Wanda aka saba gani a matsayin abin bauta, wa zai ba shi rol ɗin ɗan sanda mai cin hanci, ko miji mai tsoron matarsa? "Ni kuwa," in ji shi, "na yi likita, na yi lauya, na yi ɓarawon fili, na yi limamin wurin bauta har sau huɗu. Ba wanda ya riƙe fuskata, shi ya sa kullum take da kasuwa." Yana faɗa yana murmushi, amma idonsa na kan hoton saurayin nan mai takobi.

Ya ajiye aikin gidan waya bayan da tashoshi masu zaman kansu suka shigo, Zee TV a 1992, sauran suka biyo baya. Sai shekarar 2000 ta zo da abin da ya ce shi ya ciyar da su kuma shi ya cinye su: shiri mai dogon zango na kullum-kullum, na rikicin uwar miji da matar ɗa. Wanda Ekta Kapoor ta yi wa Star Plus, Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi, ya yi shekara takwas, kashi sama da 1,800, kuma jarumarsa Smriti Irani ta zama minista a 2014. A 2001 da aka kashe mijinta a labarin, masu kallo suka tada ƙayar baya har sai da aka dawo da shi da rai. Kaka yana son wannan labarin. Yakan ƙare shi da cewa, "Ni ranar da za a kashe ni, ko kare ba zai yi haushi ba."

Yadda na shiga aikinsa abin dariya ne. A masana'antar Mumbai yawanci da haruffan boko ake rubuta Hindi a takardar 'yan wasa, saboda samarin yanzu sun fi saurin karanta shi haka. Kaka ya tsani wannan, da rubutun Devanagari ya tashi. Ni kuwa gaba ta kai ni, ina karantawa tiryan-tiryan ko da ban san rabin ma'anar ba. Shafukan gobe sukan shigo wayarsa ta WhatsApp wajen sha ɗayan dare, wani lokacin ma sai ya isa wurin aiki. Sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. In zauna a kan tabarma da gajeren wando, ƙato da ni, ina karanta maganar matar ɗansa: Baba, ni fa ban ɗauki sarƙar ba. Kaku tana kicin tana toshe baki da gefen sari.

A waɗannan dararen na lura da wani abu. Ba ya fara haddace nasa layin sai ya sa na karanta na ɗayan sau uku. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Abin da zan faɗa yana cikin abin da aka faɗa mini. Yaran yanzu jiran layinsu suke, kana ganin leɓensu yana motsi tun kana magana. Wanda bai ji ba, me zai amsa?"

Ranar da ba ni da darasi nakan bi shi Film City, wurin da ake ɗaukar finafinai da shirye-shiryen talabijin. Ba nisa daga gidan. Fili ne makeke da aka buɗe a 1977, jingine da dajin Sanjay Gandhi, har damisa takan leƙo da dare, shi ya sa ba a son mutum ya ratsa shi kaɗai bayan duhu. Katafaren gidan attajiran da ake gani a talabijin, katako ne da fenti. Matakalar da uwar gida take saukowa a kanta da gwala-gwalai, in ka hau ba ta kai ka ko'ina, sama babu komai sai wayoyin fitila. A ƙa'ida awa goma sha biyu ne aikin, amma ban taɓa ganin an tashi a kan lokaci ba. Kuɗin kuma na yini ne, ranar da ba a kira ka ba babu ko sisi, wanda ka yi aikinsa ma sai bayan kwana casa'in yake fitowa. Kaku tana da wani littafi mai jan bango da take rubuta ranakun, kamar mai bin bashin adashi.

Saboda sauri, ba kasafai ake haɗa 'yan wasa biyu a ɗauke su tare ba. A ɗauki fuskar wannan, ya koma ya huta, a ɗauki ta wancan yana kallon dunƙulallen hannun mataimakin darakta a madadin mutum. Manyan jarumai da an gama da fuskarsu sai motar hutawa mai sanyi. Kaka shi ba ya tafiya. Zai tsaya a bayan kyamara, cikin zafin fitilu, yana ba yaro ko yarinya amsa da cikakkiyar murya kamar shi ake ɗauka. Ba a ƙara masa ko rupi ɗaya a kan haka. A ganina a lokacin wahalar banza ce, kuma na faɗa masa. Bai tanka ba.

Duk ranar Alhamis alƙaluman masu kallo suke fitowa, kuma ranar kowa a wurin tafiya yake kamar mai tsoron taka ƙaya. A damunar 2018 alƙaluman shirinsu suka yi ƙasa sati uku a jere. Aka fara raɗe-raɗin za a tsallaka da labarin shekara ashirin gaba, a kawo sababbin fuskoki. Ba wanda ya ce wa Kaka uffan. Shekara uku yana uban gidan nan.

Wata safiya ina zaune kusa da shi ana shafa masa hoda, sai wani yaro ya leƙo ya ce ana son a ɗauke shi hoto, shi kaɗai, ya saka farar riga, ya ɗan yi murmushi kaɗan. Mai kwalliyar ya tsaya da hannunsa a sama. Kaka ya kalle shi ta madubi, shi kuma ya kawar da kai. A Indiya hoton mamaci ake ratayawa a bango a sa masa sarƙar furanni. Kowa a ɗakin ya gane, ni kaɗai ne sai da aka yi mini bayani.

Ya je ya zauna aka ɗauka. Har ya nemi a nuna masa, ya ce a sake, murmushin ya yi yawa, wanda ya san za a rataye shi ba ya washe baki haka.

Kwana biyu ya yi yana gawa. Aka shimfiɗe shi a tsakar falon katakon nan, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle zuwa wuya, aka cusa masa auduga a hanci, aka zuba furanni ruwan lemo a ƙirjinsa. Waje ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ciki kuwa an kashe fankoki saboda na'urar ɗaukar sauti. Ni da nake tsaye gumi har cikin takalmina. Da an ce akshin sai ƙirjinsa ya tsaya cak. Na ƙirga da agogona, akwai ɗaukar da ta kusa minti ɗaya. Ƙuda ya sauka a goshinsa ya yi yawonsa ya tashi, ko gira bai motsa ba.

Matsalar daga yarinyar da take matar ɗansa ta zo. An ɗiga mata gilisarin har idonta ya yi ja wur, hawaye na zuba, amma muryar fayau, kamar mai karanta sanarwa. Sau shida ana sakewa. Darakta ya fara ɗaga murya, tasha na jiran kashin a daren. Ana gyara fitila, sai na ji gawa ta yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar mai toshasshen hanci.

"Beti, bar neman kukan nan. Sun manta tabarau a fuskata. Ki cire shi kawai, ki naɗe, ki ajiye inda nake ajiyewa."

Aka ce akshin. Ta durƙusa, ta zare tabaran a hankali kamar mai tsoron tashin mai barci. Ta naɗe ƙafa ɗaya, ta naɗe ta biyu. Ta ɗaga gefen mayafinta za ta goge gilashin, sai hannunta ya tsaya, ka ga ta tuna babu mai sake sakawa. Sautin da ya fito daga bakinta ban taɓa jin irinsa a wurin nan ba. Mai riƙe da sandar makirfo, wani ƙaton Bapanjabe, ya juya fuska bango. Darakta ya manta bai tsayar ba sai da mai kyamara ya taɓa shi.

Bayan kwana biyu muka zauna mu uku a falo muka kalla. An yanke wurin tabaran gaba ɗaya. Abin da aka bari shi ne ihun, aka maimaita shi sau uku, kowanne da ƙarar tsawa da kyamara tana rugowa fuskarta, sannan aka zagaya fuskokin mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, sannan tallan sabulu. Ni da nake koyon wannan aikin na san hannun da ya yi yankan ba mugu ba ne, minti ashirin da 'yan kai aka ba shi, kuma an gaya masa abin da tasha take so. Duk da haka na ji kamar ni aka mara.

Kaku ta tashi ta kashe talabijin, ta ɗauko jan littafinta ta rubuta kwana biyun gawa, za su fito a watan Oktoba. Kaka ya ce ta rubuta har da hoton. Ta ce wane hoto? Ya ce wanda ke bango mana, ai shi zai ci gaba da zuwa aiki kullum, ya kamata a tambaya ko nawa ne kuɗin yininsa. Ta jefe shi da murfin biro.

Sati biyu wayarsa ba ta yi ƙara ba. Kullum da safe zai yi aski, ya goge riga, ya zauna kusa da taga yana karanta jaridar Marathi tun daga kanun labarai har tallan neman aure. Da dare sai in ji shi yana maimaita wasu dogayen baitoci na tsohon wasan daɓe shi kaɗai. Na daina jin ƙwanƙwasa ƙofata, kuma wallahi na yi kewar zama matar ɗa.

Daren wata Talata wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka da sauri har tabaransa ya faɗi. Wani mai zaɓen 'yan wasa ne daga Aram Nagar, unguwar da matasa ke layi da hotunansu a hannu. Na ga fuskar Kaka ta saki, sannan ta sake ɗaurewa a hankali. Ya ce to, to, zan tambaye shi. Ya ajiye wayar ya daɗe yana kallona.

"Ba ni suke nema ba, beta. Sun ji akwai ɗan Afirka a gidana."

Rol ɗin da suka tanadar mini, da abin da Kaka ya ce da na karanta masa shafin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.