Litinin, rana ta tara: janyewa daga cinikin gidan hutu na karɓa-karɓa

Yau rana ta tara ke nan da ƙanina da matarsa suka sa hannu a kwangilar gidan hutu na karɓa-karɓa a Olando, jihar Fulorida ta Amurka. Gobe Talata, ƙarfe 12 na dare, damar janyewa za ta ƙare. Da hantsi suka iso da jakar takardun da kamfanin ya ba su, muka baje a kan teburin cin abinci.

Harkar ita ce, ɗaki ko gida guda a wurin shaƙatawa ake sayar wa mutane da yawa, kowa da rabonsa na kwanaki a shekara. A da mako ake yanka wa mutum, a ce masa mako na 32 naka ne duk shekara. Yanzu manyan kamfanonin maki suke sayarwa, da makin ake kama ɗaki. Lokacin hutun makaranta da ƙarshen shekara sun fi cin maki, kuma in ba ka kama tun watanni kafin lokacin ba, sai ka tarar an cike. Nasu na maki ne.

Abin da ya juya musu lissafi bai wuce uku ba. Ranar Laraba aka tara su a wurin aikin ƙanina aka ce za a rage ma'aikata, ba a faɗi sunan kowa ba, amma an riga an soke ƙarin awoyin da ke ɗaga masa albashi. Matarsa na da juna biyu, kuma mako 12 na hutun haihuwa da dokar tarayyar Amurka ta tanada ba albashi a ciki. Ga kuɗin maganin Hajiya da ake turawa gida duk wata, wanda ba a taɓa shi ko da me.

Na ce mu fara da takardar bashin, don ita ce ba a cika karantawa a ɗakin ciniki ba. Farashi dala 24,000. Kafin alƙalami kashi 10 cikin ɗari, dala 2,400. Sauran 21,600 kamfanin ne da kansa ya ranta musu, kuɗin ruwa kashi 15.9 cikin ɗari, a biya cikin shekara 10. Duk wata kusan dala 360 ke nan, kuma in an tara wata 120 zai kai wajen 43,250, wato ruwan kaɗai ya yi daidai da uwar kuɗin. Ƙanina ya daɗe yana kallon lambar, don ko ba maganar aiki, wannan ruwan ya hana shi sukuni tun da suka dawo.

Amma ba bashin ne ya fi tayar min da hankali ba, bashi yana da ranar ƙarewa. Kuɗin kula da gini ne ba shi da ita. Nasu dala 1,300 ne a shekarar farko, ana biya ko an je hutu ko ba a je ba, kuma kwangilar ba ta ce zai tsaya a nan ba. Ƙungiyar masu mallaka ce ke yanke shi duk shekara, kuma hawa yake yi. Bayan shi akwai kuɗin gaggawa da za a iya ɗora wa kowa in guguwa ta yaye rufi ko ana son sabunta gini, ga shi Fulorida gidan guguwa ce. In an haɗa komai na shekara 10, ko da kuɗin kular bai motsa ba, sun haura dala 58,000. Hutun mako guda ya tashi a sama da 5,800 duk shekara, ban da tikitin jirgi da abinci. Mai albashi tsayayye ma sai ya yi tunani, balle wanda bai san ko sunansa na cikin jerin da za a sallama ba.

Matarsa ta ce, "Yaya, ni abin da ke damuna, mun ci kyautarsu. Kwana biyu a otal, ga tikitin wurin wasan yara. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski." Na ce mata ladan zaman sauraron talla ne, kuma sun zauna, an ce musu minti 90 aka riƙe su har la'asar. Askin ya ƙare a nan. Doka ba ta ɗaure kyautar da sayen ba.

Sai ƙirgar kwanaki, inda mutane da yawa ke faɗuwa. Sashe na 721.10 na dokokin Fulorida ya ba mai saye kwana 10 ya janye ba tare da tara ba. Kwanakin kalanda ne, Asabar da Lahadi duk a ciki, ba ranakun aiki ba. Ana fara ƙirga daga washegarin sa hannu, ko daga ranar da aka miƙa masa takarda ta ƙarshe cikin waɗanda doka ta wajabta a ba shi, duk wadda ta zo daga baya. Sun sa hannu Asabar, kuma a ranar aka ba su komai, har sun sa hannu a takardar shaidar karɓa. Saboda haka Lahadi ce ta ɗaya, yau ta tara. Dokar ta ce ba a iya yafe wannan haƙƙi, ko mutum ya sa hannu cewa ya yafe, sa hannun banza ne. Ba a kuma kammala cinikin kafin kwanakin su cika, kuɗin yana ajiye a asusun amana a hannun wani na uku.

Wurin da aka yi cinikin ne ke yanke kwanakin, ba inda mutum yake zaune ba. Da a Nebada suka saya, kwana 5 ne, da tuni ta wuce. Kalifoniya da Hawayi 7. Meziko ranakun aiki 5. Ƙasashen Tarayyar Turai kwana 14 tun dokar 2008, kuma can haramun ne ma a karɓi ko sisi daga mai saye kafin kwanakin su cika. A ganina tsarin Turai ya fi adalci, domin wanda kuɗinsa ya riga ya fita daga aljihu yana jin kamar ya riga ya ɗauru.

Ƙanina ya ce ai ya kira su tun Alhamis, ya faɗa musu yana son fasawa, aka ce wani manaja zai neme shi. Har yau ba a neme shi ba. Kiran waya ba janyewa ba ne a idon doka, rubutu take so. Kuma "za a neme ka" hanya ce ta cinye kwanaki, ko da gangan ko ba da gangan ba.

Muka nemo sakin layin janyewa a kwangilar. A Fulorida wajibi ne a buga shi da haruffan da suka fita daban, dab da wurin da mai saye ke sa hannu, kuma a ciki adireshin da za a aika wasiƙar yake. Adireshin ba na wurin shaƙatawar ba ne, ba kuma wanda ke kan katin ɗan tallan ba. Wani ofishi ne daban. Wanda ya aika wa ɗan talla ya ba da ƙofar a ce ba a gani ba.

Wasiƙar ba ta kai rabin shafi ba. Kwanan watan yau a sama. Sunayensu biyu kamar yadda aka rubuta a kwangila, harafi da harafi, don an rubuta sunan matar da wani baƙi daban da na fasfonta, muka bi na kwangilar. Lambar kwangila, ranar sa hannu, sunan wurin. Sai jimla ɗaya cewa sun soke kwangilar bisa sashe na 721.10, da ta biyu cewa a maido musu duk abin da suka biya. Adireshi da lambar waya. Su biyun suka sa hannu, tunda su biyun suka saya. In ɗaya kaɗai ya sa, an sami abin jayayya. Ƙanina ya so ya ƙara bayanin halin da ake ciki a wurin aiki da batun haihuwa, don kada a ga kamar ya yi musu wulaƙanci. Na ce ya bari. Doka ba ta nemi dalili ba, kuma duk dalilin da ka bayar ka ba su abin da za su yi maka tayi a kai, a ce to a rage maka maki, a sauƙaƙa biyan wata.

Muka yi kwafi uku, muka ɗauki hotonta a waya, muka tafi gidan waya bayan azahar.

A nan ma akwai abin lura. In ta gidan waya aka aika, ranar da ke kan hatimi ita ce ranar janyewa, da sharaɗin wasiƙar ta isa hannun kamfanin ko mai riƙe da asusun amanar. In ta wata hanya aka kai, kamar kamfanin kai saƙo, ranar da ta isa ofishinsu ake ɗauka. Wanda ya ga lokaci ya ƙure ya ruga ya biya kuɗi mai yawa don a kai da gaggawa, zai iya zama ya cuci kansa. Jefa ambulan a akwatin bakin titi shi ma ganganci ne, don ba lallai a buga masa hatimi a ranar ba. Gaban ma'aikacin gidan waya ake zuwa.

Muka ce Certified Mail muke so, wato wasiƙar da ake ba da rasidin aikawa, haɗe da takardar shaidar isa. Fom biyu ne: mai lamba 3800, fari da kore, shi ke ɗauke da lambar bin sawu, sai ɗan koren kati mai lamba 3811 da ake manna wa a bayan ambulan, wanda ya karɓa ya sa hannu a maido maka. Ma'aikaciyar ta yage rasidin za ta miƙo haka nan, na roƙe ta ta buga masa hatimi da hannu. Ta ɗauko zagayayyen hatimin ta danna, kwanan watan ya fito rabi-rabi, tawadar ta yi ƙasa. Ta sake dannawa a gefe har lambobin suka fito tas. Wannan 'yar takardar ita ce hujjar gaba ɗaya. Kwafi na biyu muka aika wa mai riƙe da asusun amanar ta wannan hanyar, sunansa na cikin kwangila. Imel ma mun tura, a matsayin ƙari kawai.

Yanzu kamfanin na da kwana 20 daga ranar da wasiƙar ta isa ya maido kuɗin, ko kwana 5 bayan cakin mai saye ya shiga, duk wanda ya zo daga baya. Suna iya cire kimar wani amfani na kwangilar da mai saye ya riga ya ci, amma su ba su taɓa ko maki ɗaya ba. In kwanakin suka wuce shiru, ana kai ƙara hukumar Fulorida mai kula da sana'o'i da kasuwanci, sashenta na gidajen haɗaka da gidajen hutu na karɓa-karɓa.

Muna hanyar dawowa ɗan tallan ya kira. Ƙanina ya sa a lasifika. Da fara'a ya fara, yana tambayar yara, sai ya ce manaja ya amince a mayar da su ƙaramin kunshi mai rabin kuɗi, su dai dakata da wasiƙa zuwa Laraba a gyara takardu. Laraba rana ta goma sha ɗaya ce. Ƙanina ya ce masa wasiƙa ta riga ta tafi, ya gode, ya kashe.

Da kwanakin sun wuce, zancen daban ne. Kasuwar sake sayarwa ta mutu murus, a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ana ganin masu sa nasu a dala 1 don kawai kuɗin kular ya sauka daga wuyansu. Wanda ya daina biya, a ƙwace, kuma tabon ya zauna a tarihin bashinsa shekara 7, ya dame shi wajen hayar gida da sayen mota. Wasu kamfanonin na karɓar abinsu, amma galibi sai an gama biyan bashin tukuna. Ga 'yan damfara masu cewa za su fitar da kai in ka ba su dubban daloli tun farko. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta sha jan kunnen mutane a kansu.

Da daddare, muna sake bin takardun, muka ga abin da wasiƙar ba ta taɓa ba. Dala 2,400 ɗin ba daga asusunsu ta fita ba. Katin bashi aka buɗe musu a ɗakin cinikin, na wani banki daban, da alkawarin wata shida ba ruwa. Soke kwangilar bai rufe katin ba. Kan katin za a maido kuɗin, saboda haka ba za su rufe shi ba sai kuɗin ya shiga, kuma in takardar biyan farko ta riga zuwa, su biya mafi ƙarancin abin da aka nema don kada a rubuta musu latti. Akwai kuma izinin cirar kuɗi kai tsaye daga asusun albashinsa duk wata, da rajistar kamfanin musayar wuraren hutu, RCI, da aka haɗa musu. Gobe da safe zai je bankinsa ya soke izinin a rubuce, matarsa kuma ta tattara littattafan da ƙaramar kwamfutar hannu da aka ba su, don shafi na ƙarshe ya ce a mayar da su ko a cire kuɗinsu daga abin da za a maido.