Hasumiyar Tanjabur a idon magini

Ƙanena da ke karatu a Indiya ya turo mini hoton wani tsohon ɗakin bautar Hindu da ke Tanjabur, jihar Tamil Nadu. Ni magini ne a Gusau, sai aikin ginin ya ɗauke mini hankali.

Sarki Rajaraja na daular Chola ne ya kammala shi a 1010, don bautar Shiba, ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu. Hasumiyar ta kai kusan mita 66, hawa 13, kowane hawa na ƙara tsukewa har ƙololuwa. Dutse ne zalla, mai tauri irin na Kwatarkwashi, kuma daga nesa aka jawo shi, wannan kam aiki ne! Ƙubbar da ke samansa ana ƙiyasta nauyinta tan 80. Ana cewa doguwar gangara aka tara da ƙasa, aka ja duwatsun har sama.