Waɗanda ba su zo layi ba

Lokacin da na fara aikin sa ido kan haƙƙin ɗan Adam a zaɓe, na ɗauka aikin yana farawa ne da buɗe rumfa, ya ƙare da ƙirga ƙuri'a. Aka ba ni fom da riga mai tambari, na tsaya tun sassafe ina cike gurabe: an buɗe a kan lokaci, an ɗaga akwati kowa ya ga babu komai a ciki, wakilan jam'iyyu suna nan. Da yamma na rubuta cewa an yi zaɓe lami lafiya, kuma har cikin zuciyata na yarda da hakan.

Shugabar tawagarmu, wadda ta daɗe a wannan aiki, ta karanta rahoton, ta ɗago kai ta ce, "Ƙanena, ka ga waɗanda suka zo. Waɗanda ba su zo ba fa, me ya hana su?" Na rasa ta cewa.

Tambayar nan ce ta sa na koma na karanta dokokin da nake taƙama da su. Sashe na 21 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1948 ya yi maganar zaɓe na gaskiya da ƙuri'ar sirri. Yarjejeniyar 1966 kan haƙƙin jama'a da na siyasa ta ƙarfafa wannan a sashe na 25, amma kafin a kai can akwai sashe na 19, da na 21, da na 22: 'yancin faɗin albarkacin baki, da na taro, da na shiga ƙungiya. Waɗannan kuwa tun makonni kafin ranar zaɓe ake tauye su. Ɗan jaridar da aka tsare, gangamin da aka hana, sunan da ya ɓace daga rajista, matar da aka yi wa barazana har ta janye takara, duk ba a ganinsu a bakin akwati. A Yuganda an katse intanet gab da zaɓen Janairun 2021, amma wanda ya tsaya a rumfa kawai layi zai gani.

Ko a rumfar ma, fom yana ɓoye abubuwa. Na taɓa ganin wani dattijo a keken guragu ya iso, ga matakala uku tsakaninsa da inda ake dangwalawa. Samari biyu suka yi ƙoƙarin cicciɓarsa, abin ya gagara, sai aka kawo masa takardar ya dangwala a kan cinyarsa, mutane na leƙe. A fom dai ya yi zaɓe. Sirrin ƙuri'arsa kuwa ya tafi, alhali sashe na 29 na yarjejeniyar 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ya tanadar masa shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yan uwansa masu buƙata ta musamman da suka san matakalar nan, suka yi zamansu a gida.

Na kuma daina gaggawar naɗe riga da zarar an gama jefa ƙuri'a. A Kenya, an kaɗa ƙuri'ar Disambar 2007 cikin natsuwa, sai bayan sanar da sakamako rikici ya ɓarke, mutum fiye da 1,000 suka rasa rayukansu. A 2017 ma masu sa ido na waje sun yaba da yadda ranar zaɓe ta gudana, amma ranar 1 ga Satumba kotun ƙolin ƙasar ta soke zaɓen shugaban ƙasa saboda yadda aka aika da sakamako.

Sai dai neman waɗanda ba su zo ba yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne na yi kuskuren da ya fi damuna. Wata mata ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa, ta ce 'yan banga sun bi gida-gida da dare suna gargaɗin mutane kada su fito. Ni kuwa, don ɗoki, na zaro littafi da biro nan take, sanye da rigata mai tambari, wakilan jam'iyyu na kallonmu. Na ga yadda fuskarta ta canza, ta ja da baya, ta shige cikin mutane. Ni da yamma zan shiga mota in tafi, ita kuwa a nan za ta kwana.

Yanzu ba na rubuta sunan kowa sai da yardarsa, ina neman inda babu idon jama'a kafin in yi tambaya, kuma a rahoto ina raba abin da na gani da idona da abin da aka faɗa mini. Har yau, duk lokacin da hannuna ya kai ga biro a cikin taro, fuskar matar nan nake tunawa, sai in mayar da shi aljihu.