Ba janbaki ba ne

Alhamis. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, ko yayyafi ba a samu ba.

Da hantsi Inna tana sheƙar gero, 'yan tsuntsayen nan biyu da suka saba da mu suka sauko gindin turmi suna tsintar tsaba. Kawu na kan tabarma. Yana hango bakinsu ya ce, "Auta, ina danƙonka? Ga ɓarayin shinkafa har cikin gida."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wannan ba'u ne, ba janbaki ba."

Ya ce, "Ke ma dai. Ba ki ga bakin ba?"

Bakin kam ja ne, amma iyakar kamar ke nan. Namijin ba'u ja ne tun daga kai har ƙirji, fikafikansa ruwan ƙasa, ga siririn zobe ruwan ɗorawa kewaye da ido, in ka matso kusa har ɗigo-ɗigon fari za ka gani a gefen ƙirjinsa. Duka-duka santimita 10 ne. Macen ruwan ƙasa ce, sai ɗan ja a gindin wutsiya da gaban ido. Janbaki ya ɗan fi girma, bayansa zane-zane irin na gwara, namijin kuma da damina galibi fuskarsa baƙa ce. Ban da haka ma, yaushe aka taɓa ganin janbaki biyu rak? Su da ke tasowa daga ciyawar kachala ta fadamar Haɗeja kamar hayaƙi su lulluɓe gona. Ba'u a jinkar ɗaki yake sheƙa, cimarsa ƙwayar ciyawa da abin da ya zube ƙasa.

Kawu ya yi shiru. Can ya ce, "Bara wata guda na yi ina kaɗa gwangwani har muryata ta dishe. Buhu nawa na kawo gida?"

Na kasa cewa komai. Na san abin da ya kawo.

Muna cikin haka Auta ya saki dutse. Ya samu namijin.

Da azahar na kai wa Yaya ɗinkinta, hannun rigar ya matse, sai an sake. Tuwo da miyar kuka da dare, kaɗan na ci.

Abin da ya tsaya min a rai, tsawon bayanin da na tsaya yi. Da ma hannun yaron kawai na riƙe. Macen ta dawo gindin turmi har sau uku kafin magariba, ta yi 'yar tsalle-tsalle, ta koma jinka. Ban iya leƙawa na ga ko akwai ƙwai ba.