Kafin ka biya kuɗi a kan kundin wani

Ƙannena masu shirin rubuta kundin kammala digiri, kuskuren da yawancinmu muka fara tafkawa shi ne biyan kuɗi ga shafukan da ke tallar kundaye, alhali na ainihi suna nan kyauta a rumbun intanet na jami'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da nata mai suna Kubanni, a ƙarƙashin Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. Jami'ar Jos ma tana da nata. Da yawa a kan manhajar DSpace aka gina su, don haka tsarin kusan ɗaya ne: ka shiga tsangaya, ka gangara sashe, sai ga kundayen.

Wajen nema ne aka fi shan wahala. Kada ka zuba taken bincikenka gaba ɗaya a akwatin nema; kalma biyu ko uku sun isa, kuma da Ingilishi, domin da shi aka rubuta akasarin taken. In aikin Hausa ne, ka kula da ƙ, ɗ da ɓ. Wanda ya shigar da taken sau da yawa bai sa lanƙwasa ba, sai ka nemi "waƙa" a ce babu, ka rubuta "waka" su fito. Gwada duka biyun. Tsofaffin kundaye kuwa hotonsu aka ɗauka shafi-shafi, injin nema ba lallai ya ga abin da ke ciki ba. Irin waɗannan sai ka bi jerin sashen da ido, shekara bayan shekara. Suna da nauyi kuma, ka karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin kundin, kafin ka ƙona data.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne shekara. Ranar da aka ɗora kundi a rumbu daban, shekarar da aka miƙa shi daban, wani lokaci tazarar ta haura shekara goma. Buɗe shafin farko na kundin ka ɗauki shekara, sashe da matakin digiri daga can. Adireshin da za ka adana shi ne mai ɗauke da kalmar handle, shi aka yi don ya dawwama.

In tsakure kawai ka samu, rubuta sunan marubuci, shekara da sashe ka kai wa ma'aikatan ɗakin karatu, su duba maka mai bango.

Babi na biyu kuma, wato na bitar ayyukan da suka gabata, don Allah kada ka kwafe na wani. Turnitin, manhajar gano satar rubutu, na iya kamawa, malamin da ke duba aikinka ma wataƙila shi ya duba wancan. Juya zuwa manazartar kundin, ka zaɓi ayyukan da suka shafe ka, ka nemo su ka karanta da kanka.