Yadda na zama wakilin Baba a rubuce

Baba ya fi shekara arba'in yana sa hannu da ajami. Ko a banki haka yake rubuta sunansa, daga dama zuwa hagu, ya ja wutsiyar harafin ƙarshe har bakin takarda. A ƙarshen daminar 2022 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a gidanmu na Jega. Allah ya bar masa hankalinsa garau, magana ma ta dawo bayan 'yan makonni, amma hannun dama ya ƙi riƙe alƙalami.

Da farko na bi hanyar da kowa ke bi: na karɓi katinsa na cirar kuɗi da lambar sirri, ina ciro na magani da na cefane. Kuskure ne, kuma na gan shi a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya. Katin ya daina aiki. Na shiga banki, ma'aikaciyar ta ce asusun ba nawa ba ne, sai mai shi ya zo. Gaskiyarta. A makon ne kuma wani ɗan'uwana da muke uba ɗaya ya tambaye ni a zaure, gaban mutane, nawa ya rage a asusun tsoho. Ban rubuta komai ba, sai na yi ta kame-kame. Ban ci ko kwabo ba, amma a ranar ba ni da abin da zan nuna.

Limamin unguwarmu ne ya fara kwantar mini da hankali. Ya ce wakilci tsohon abu ne a shari'a, babi guda gare shi a littattafan fiƙihu. Ya kawo labarin Ashabul Kahfi da suka aiki ɗayansu birni da azurfa ya sayo abinci, da na Urwatul Bariƙi wanda Annabi (SAW) ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya. Sai ya ja kunnena: wakili ɗan amana ne, dukiyar ba tasa ba ce, kuma ranar da mai dukiya ya rasu wakilci ya ƙare, abin da ya bari ya zama gado.

Na je wurin wani lauya a Birnin Kebbi da rubutun da na tsara da kaina, wanda ya ba ni ikon yin komai, har sayarwa. Ya karanta, ya tambaye ni ko Baba ya ji wannan. Bai ji ba. Da na koma na karanta masa, sai ya yi shiru, can ya ce, "Fadamar ma za ka iya sayarwa ina raye?" Na ce, "A'a, Baba, don dai kada a yi ta dawowa ne." Ya ce, "To a yi ta dawowa." Kunya ta kama ni har ƙasa. Ni sauƙin zirga-zirga nake dubawa, shi kuwa yana ganin ana naɗe masa tabarma tun bai tashi ba.

Takardar da aka yi daga baya gajera ce. Ta ba ni ikon karɓar kuɗin hayar shagunansa biyu, da kula da noman shinkafa a fadama, da cirar kuɗi daga asusunsa don lafiyarsa da ciyar da gida. Sayarwa da jingina da kyauta duk an rubuta ƙarara cewa ba sa cikin ikon da aka ba ni. Lauyan ya bayyana mini cewa wakilcin da ya taɓa fili sai an biya masa harajin hatimi an kuma yi masa rajista a ofishin filaye, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa sayar da fili mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna. Ya ƙara da abin da ya fi tsaya mini a rai: mai cikakken hankali ne kaɗai ke iya wakilta wani, kuma idan tsufa ko ciwo ya gusar da hankalin, wakilcin ma ya faɗi. Da mun jira har Baba ya fara mantuwa, da sai dai kotu.

Ranar sa hannu na nace kowa ya zo: Yaya babba daga Argungu, 'yan ɗakin Inna da 'yan ɗakin Goggo, mata ma suna bakin ƙofa suna ji. Tunda takardar da Turanci take, aka fassara wa Baba ita layi-layi da Hausa, aka rubuta a ƙasa cewa an karanta masa ya fahimta, mai fassarar ya sa sunansa. Liman da mai unguwa suka tsaya shaida. Da aka kawo tawada, Baba ya ƙi a riƙe masa hannu. Ya tallabo hannun daman da na hagu, ya kai babban yatsa kan takardar a hankali, ya danna. Ya daɗe yana kallon shuɗin da ya rage a yatsan.

Banki bai tsaya a takardar kaɗai ba. Suna da fom ɗinsu na ƙara wakili a asusu, sun nemi lambar BVN da katin ɗan ƙasa namu duka biyu, sun kuma ce sai sun ga Baba ido da ido. Muka kai shi a mota, ma'aikaci ya fito ya same shi a ciki. Zuwa uku muka yi kafin abin ya kammala.

Yanzu akwai wani littafi mai bangon kwali da ke zaune ƙarƙashin matashin Baba. Duk abin da ya shigo ko ya fita ina rubutawa, rasitin magani ina maƙalawa da fil. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan zauna gefen gadonsa in karanta masa, duk wanda ke gida ya saurara. Makon jiya na tsallake kuɗin buhu biyu na taki ban ambata ba. Idonsa a rufe, na ɗauka barci yake, sai na ji ya ce, "Takin fa?"