Daga Kano zuwa Damagaram da taswira a cinya

Bayan sallar asuba muka bar Kano ta hanyar Daura, mu uku: ni, da direba, da wani matashi da ke koyon aikin taswira a wurina. Aikin da ya fitar da mu shi ne ɗaukar wuraren rijiyoyin burtsatse da ke garuruwan kan hanya, mu sa su a taswirar da za a buga a ba masu unguwanni. Kwamfutar tana kan cinyata, manhajar zana taswira ta QGIS a buɗe, wayar yaron kuma tana karɓar lambobin wuri daga tauraron ɗan Adam.

A Ɗambatta muka fara tsayawa, a nan kuma matsalar ta fara nuna kanta. Mun sa ɗigo a inda rijiyar take, sai sunan garin ya fito a allo da D maras ƙugiya, domin haka aka shigar da shi a bayanan da aka ba mu. Madannan kwamfutar ba su da Ɗ, yaron ya duba sama ya duba ƙasa bai gani ba.

"Malam, mu bar shi haka mana, ai kowa ya gane," in ji shi.

Na ce masa a'a. Mutanen garin ne za su riƙe takardar nan, su karanta sunan garinsu. Tun shekarun 1930 aka shigar da haruffa masu ƙugiya cikin rubutun boko, ba zan yarda na'urar da ta zo jiya ta sa mu zubar da su ba.

Muna zaune a bencin mai shayi na nuna masa dabarar. Kowane harafi a duniyar kwamfuta yana da lambarsa a tsarin Unicode. Ɗ babba lambarta 394, ƙaramar kuma 599. Ƙ babba 408, ƙaramar 409. Ɓ babba 385, ƙaramar 595. A QGIS, in ka shiga wurin tsara rubutun suna, akwai umarnin char wanda kake ba shi lamba ya mayar maka da harafi. Na rubuta char(394) || 'ambatta', nan take sunan ya fito da ƙugiyarsa. Yaron ya yi ta kallon allon har shayinsa ya huce. Masu amfani da ArcGIS, wata manhajar taswira, ma haka suke yi, sai dai nasu umarnin chr ne idan da yaren kwamfuta na Python suke rubutawa.

Kazaure ba mu daɗe ba, duwatsunta muka kalla ta taga muka wuce. A Daura muka yi azahar, muka leƙa rijiyar Kusugu, sannan muka zauna aikin yamma. Anan wata buƙatar ta taso: ina son a ƙarƙashin sunan kowace rijiya a ga lambobin wurinta. Lamba 10 ita ke sauko da rubutu zuwa sabon layi, 176 kuma ita ce ɗan da'irar nan ta digiri. Da su biyu muka jera suna a sama, lambobi a ƙasa, kowanne da alamarsa.

Amma da muka sauya salon rubutu zuwa wani mai ado, sai Ƙ ta ɓace, wani ɗan akwati ya zauna a gurbinta. Lambar daidai take, salon ne ba a zana masa harafin ba. Muka koma salon rubutu na Noto Sans, komai ya dawo. Na kuma gargaɗe shi game da ajiya: fayil ɗin taswira irin na shapefile, in ba a faɗa masa ya yi amfani da UTF-8 ba, wato tsarin ajiye haruffan Unicode, yakan mayar da haruffan nan alamar tambaya idan aka buɗe shi a wata kwamfutar. Shi ya sa nake ajiye aikina a wani nau'in fayil mai suna GeoPackage.

Washegari muka tsallaka iyaka ta Kongolam, aka duba takardunmu, muka shiga Ɗan Barto. Daga nan allunan hanya suka koma rubutun Faransanci. A Matamai allo ya ce Matamèye, da wata alama a kan e, wadda lambarta 232. Wani malamin makaranta da ya taimaka mana da nuna rijiyoyi ya leƙa allonmu, ya ga mun rubuta 'yan da waƙafi a sama.

"Malam, mu nan ba haka muke rubuta shi ba," ya ce, ya ɗauki alli ya zana ƴ a jikin ƙofar mota.

Gaskiyarsa. A Nijar harafi ne guda mai ƙugiya, ƙaramin 436, babban 435. Muka yanke shawara a nan take: taswirar ɓangaren Najeriya ta tafi da 'y, ta ɓangaren Nijar da ƴ, kowa ya ga rubutun da aka koya masa a makaranta.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Muka sauka kusa da Birni, ba nisa da fadar sarki, yaron ya karɓi kwamfutar ya ce sauran sunayen shi zai gyara su da kansa kafin magariba.